Motar da Bayanta Ke Neman Ruwa

Ku samarin yanzu kuna ganin saita ƙafafun mota aikin minti goma ne. A hau da ita kan na'ura, allo ya nuna kore, a karɓi makulli a tafi. Ban raina na'ura ba, na yi aiki da ita a Jidda tun ba ta iso Kano ba. Amma na'ura tana gaya maka yadda taya ke tsaye ne lokacin da mota take hutawa. Abin da bayan mota zai yi a tsakiyar kwana, direba ya danne totur, nauyi ya koma gefe guda, wannan sai wanda ya daɗe yana kwanciya a ƙarƙashinta. Sunana Habu. Na fi shekara hamsin a wannan sana'a, kuma ɓangarena guda ne, ƙafafun baya.

Kayan aikina ba su cika buhu ba. Zare, alli, ma'aunin ƙarfe, jak, sifanu, da wani zaren mai dunƙulen dalma a ƙasa irin na magina. Sai bokitin ruwa. Bokitin shi ne farkon abin da maigidana Malam Tanko ya miƙa mini ranar da aka kai ni garejinsa a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin bayan garejin duk gonaki ne. Ya sa na kwara ruwa a daɓen siminti, muka tura mota ta ratsa ruwan ta hau busasshen wuri. Ya ce, "Sawu nawa ka gani?" Na ce biyu. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, baya yana taka inda gaba ya taka." Muka tura wata, na ga sawu huɗu. Ya ce, "Wannan tafiyar kare take yi, kai yana nan, gindi yana can. Direbanta kullum yana kokawa da sitiyari, bai san da wa yake faɗa ba." Shekara biyu ina kwara ruwa ina karanta sawu kafin ya bar ni na kwance noti ɗaya a jikin gatari, wato ƙarfen nan da ke kwance a ƙarƙashin bayan mota yana riƙe da ƙafafun biyu.

Da ya yaye ni na bi manyan motoci zuwa Damagaram da Agadas, daga nan ƙafa ta kai ni Abijan, wurin wani Bafaranshe mai shirya motocin tseren daji. Ranar farko na ga wata mota ƙafafunta na baya sun haɗe ta sama sun buɗe ta ƙasa. Na ɗauki sifana zan miƙar da su, ya daka mini tsawa daga ƙarshen gareji. Ya sa aka danna motar ta gefe guda yadda take yi a kwana, ya ce in duba tayar waje. Sai na ga ta kwanta a ƙasa da dukkan faɗinta. Wato karkatar da na ɗauka ciwo ce, ita ke riƙe mota in ta shiga kwana da gudu. Na ce masa a garinmu mai irin wannan ƙafa gwame muke ce masa. Kalmar ta yi masa daɗi, har na bar wurin yana kiran abin da ita da karyayyen harshensa. Abu na biyu da ya koya mini shi ne haɗa kai: goshin tayoyin baya su ɗan kalli juna, gwargwadon kaurin kwabo. In suka kalli waje ko da kaɗan ne, ranar da aka matsa wa motar bayanta zai nemi ya riga gabanta isa.

Na yi aiki a Omdurman, inda makaniki zai tsuguna ya rufe ido ɗaya ya saita mota, kuma sau da yawa ya dace. Na yi a Nairobi wurin wasu Indiyawa da ba sa juya noti sai sun rubuta a littafi. Bafaranshe yakan auna sau uku ya ƙara na huɗu bayan ya ci abinci. Mutumin Kano kuwa so yake idonsa ya gamsu kafin hanya ta gamsu. In ƙafa ba ta tsaya ƙyam kamar soja ba, to ba ka iya aiki ba.

Na dawo gida da Faransanci da Larabci da ɗan Sawahili a baki, na buɗe wurina a gefen Gyaɗi-Gyaɗi ta wajen Tarauni. Yawancin aikina motocin haya ne da ake ƙara wa sifirin don su ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu. Sai shekarar da soja suka yarda za su koma bariki. An yi zaɓe, ana jiran rantsuwa, bazara ta tsaya a ka. Kuɗi ya fito daga maɓoyarsa. Masu hali suka share wani fili a bayan Darmanawa, suka zagaye shi da tsofaffin tayoyi, suna tseren mota duk Lahadi da la'asar. Ta gabashin filin akwai kududdufin da aka haƙa don yin tubali. Ya bi gefen miƙaƙƙiyar hanyar tseren, ya kuma zagaya ta bayan babbar kwana.

Wata Litinin aka shigo mini da mota ƙirar Faransa mai ƙofa huɗu, fentinta fari sabo, an sa mata injin da ya fi nata girma. Mai ita Alhaji Sabo ne, ɗan kwangila da ke zaune a Tarauni, wanda ya mara wa waɗanda suka ci zaɓe baya. Direbansa Lawan, mutumin wani ƙauye ta wajen Rano, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya shekara goma sha biyar yana jan motar haya kafin Alhaji ya ɗauke shi ya ba shi ɗaki a gidansa.

Alhaji ya ce, "Malam Habu, an ce kai ne ka yi aiki da Turawa. Lahadin sama sababbin zaɓaɓɓu duk za su zo filin nan kallo. Ina so motata ta tashi a gaba, ta kuma ƙare a gaba."

Na ce, "Alhaji, inji ke kai mota gaba. Ni nawa aikin in hana bayanta riga gabanta isa."

Ya yi dariya ya juya wajen direban. "Kai Lawan, ka ji malaminka."

Lawan ya ce, "Baba, ni dai ka sa ta daina kaɗa mini gindi kamar agwagwa. Ko a titin Tarauni sai in ji kamar wani ne ke tuƙa ta daga baya."

Kwana biyu na yi a kanta. Na cire kujerar baya da kafet da tayar ajiya don rage nauyi. Na rage sifirin zagaye ɗaya a kowane gefe don ta sauko kusa da ƙasa, na sa mata shakazoba mai tauri, na sauya robobin gatari da sababbi. Na faɗaɗa ramukan da hannuwan ƙafa ke ɗaure a ciki da zarto, na cusa washa ɗaya bayan ɗaya ina duba zaren dalma, har gwamen ya kai faɗin ɗan yatsa a saman kowace taya. Sannan na ja zare daga gaba zuwa baya ta gefe biyu, na ba ta haɗa kai na kaurin kwabo. Na ɗaure komai, na ja layin alli a kan kowane noti don in gane in ya motsa. Na kwara ruwa, muka tura ta. Sawu biyu, kamar an ja da alƙalami.

Washegari da hantsi na sake jan zare don tabbatarwa, sai na tarar ƙafar hagu ta juya waje da kaurin kwabo biyu. Na shiga ƙarƙashi. Layin alli yana nan daidai a kan kowane noti, babu wanda ya motsa. Na kwance na sake saitawa, na fita da ita na zaga layinmu, na dawo na ajiye ta, amma wannan karon da baya na shigo, don haka ta juya fuska. Bayan azahar na auna. Hagu tana nan yadda na bar ta, dama ce ta juya waje. Na tsaya ina duban zaren. Ƙafar da ke motsawa kullum ita ce wadda ke ɓangaren Darmanawa.

Da na janye jak kuma sai na ga danshi a ƙasa daidai ƙarƙashin but ɗin kaya, faɗin tafin hannu. Bayan mota ba shi da ruwa. Na shafa na sansana. Ba fetur ba ne, ba man birki ba. Warin bakin kogi yake yi.

Ranar Alhamis da rana tsaka muka je filin ni da Lawan, babu kowa sai awaki. Na zauna a gefensa na ce, "Abu ɗaya zan gaya maka, ka riƙe shi kamar karatun sallah. Birki kafin kwana ake taka shi. In ka shiga kwana, ko me ka gani, ƙafarka ba ta da hurumi a kan birki. Kana takawa nauyi zai bar baya, bayan kuma ya tafi inda ya ga dama."

Ya ce, "Na ji, Baba."

Hannunsa yana da kyau, ba ya fizgar sitiyari. Motar ta sha kwanoni uku lafiya lau. Muna shiga miƙaƙƙen wurin da ke gefen kududdufi, sai na ji a ƙuguna cewa bayan motar ya zame a hankali zuwa hannun dama, wajen ruwan. Lawan ya gyara. Muka sake zagayowa, ta sake yi, a daidai wurin. Na ce ya juya mu bi filin ta ɗaya hannun. Ku da kuka san aikin kun san dalili. Mota mai tafiyar kare gefe ɗaya take ja har abada. In dama take ja, to idan ka juya, ruwan ya koma hagu, dole ta ja nesa da shi. Muka juya. Ta ja hagu.

Na sauka na kwara ruwan goran da muka zo da shi a kan hanyar, don in ga ko gangara ce. Ruwan ya gudu ya bar kududdufin a baya, saboda ƙasar da aka haƙo ta yi tudu a bakinsa. Wato motar hawa take yi don ta je can. Lawan yana tsaye yana kallona. Ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce mu koma gareji.

A ranar na kankare baƙin kwaltar da ke shafe a daɓen motar, bayan kujerun gaba. Sai ga layin walda ya ratsa daga ƙofa zuwa ƙofa, an goge shi sumul. Na kankare fenti a gaba, shuɗi ne a ƙarƙashi. Na kankare a baya, kore. Na kira maƙwabcina Iro mai walda, sa'ana ne, tare muka taso. Ya shafa layin da yatsa ya ce, "Haɗi ce. Gaban wata, bayan wata. Kuma wanda ya yi ya iya, ban ga abin kushewa ba." Na sa ya yanka mini 'yar taga a jikin ƙarfen ƙasa mai rami, can baya kusa da but, nesa da haɗin. Yana ɗaga yankin, baƙar laka ɗanya ta zubo masa a hannu. A cikinta akwai ƙananan ƙwanson katantanwa, da 'ya'yan carbi guda bakwai, da ɗan kunnen mace ƙwaya ɗaya.

Iro ya goge hannunsa a ƙasa. Da safe ya tafi wajen masu sayar da gawar motoci, inda kowa ya san shi, ya dawo da labari. Bayan nan na wata motar haya ce da ta faɗa daga kan gada a damunar da ta wuce, a hanyar kudu. Direba da na gefensa sun fita. Mutum huɗu da ke kujerar baya ba su fita ba. Ta kwana uku a ruwa, wajen jawo ta gaban ya lalace, aka yanke bayan aka sayar.

Laka tana iya daɗewa da danshi a cikin rufaffen ƙarfe, wannan na yarda, na ga irinsa a bakin kogin Nilu. Muka wanke ramin tas, Iro ya bi shi da wutar walda har ƙarfen ya ƙi taɓuwa, ya toshe tagar. Kayan da muka tsinta na ƙulle su a tsumma na kai bakin maƙabarta na binne. Gari ya waye, danshin yana nan a ƙarƙashin but.

Na sami Alhaji a falonsa a Tarauni yana sallamar 'yan siyasa. Da suka fita na gaya masa komai, ban rage ba.

Ya ce, "Haɗin zai karye?"

"Ban ga alama ba. Waldar mai kyau ce."

"To mene ne?"

"Alhaji, ina saita ta tana warwarewa, kuma ban taɓa noti ya motsa ba. Bayan nan ruwa yake nema."

Ya ce, "Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Amma Malam Habu, ƙarfe ne fa. Kai da ka zaga duniya kake kawo mini zancen tsofaffi a bakin murhu? Ni abin da idona ya gani, ka mayar mini da mota gwame. Jiya Lawan ya biyo da ita ta nan, abokaina suna tambaya ko shan-inna ta yi. Shi ya sa take kaɗawa. Akwai wani makaniki a Hotoro, ya ce awa ɗaya ya miƙar da ƙafafun. In ka gaji ka faɗa mini."

Na yi lissafin abin a tsaye. In na ce na fasa, motar za ta tafi Hotoro, a miƙar da ƙafafun, kuma Lawan ne dai zai ja ta. Da miƙaƙƙun ƙafafu ko kwanar farko ba za ta wuce ba. Na ce, "A bar mini ita, Alhaji. Amma gwamen yana nan." Ya ɗaga hannu ya ce in ta ci, ko gurguwa ce shi bai damu ba.

Lawan kuwa, na same shi yana wanke wata motar a ƙofar gidan. Shi ma na gaya masa, har da ɗan kunnen. Ya matse tsumman hannunsa ya ce, "Baba, a gidansa nake. Iyalina a ɗakinsa suke. Ya riga ya gaya wa manyan mutane ni zan ja. In je in ce masa me? Ina tsoron laka?"

"Ka ce ba ka da lafiya."

"Sai ya sa ƙanin matarsa, wanda ko ribas bai iya ba. Gara ni."

Na ce, "Ka iya ruwa?"

Ya yi murmushi. "Ɗan tudu ne ni, Baba. Ko a rafi iyakata in tsoma ƙafa in yi alwala."

Ranar Asabar na kwance ƙofar direba gaba ɗaya na jingine ta a bango. Na cire bel ɗin kujerar, wanda maƙullinsa ke cijewa, na ɗaura masa ɗamarar zane mai ƙarfi da zargen da ja ɗaya ke kwance shi, na sa ya gwada sau ashirin ido a rufe. Da Alhaji ya zo ya ga motar ba ƙofa, na ce masa haka Turawa ke yi don rage nauyi. Ƙarya na yi. Bafaranshen nan da ya ga haka da ya kore ni a take. Amma abin ya burge Alhaji, har ya tambaya ko a cire ɗayar ma.

Lahadi da la'asar fili ya cika. An kafa rumfuna, manya sun zauna da manyan riguna, makaɗa suna yi, maroƙa suna kiran sunan kowa da sabon muƙaminsa. Ni da Iro muka bar taron muka je muka tsaya a bakin kududdufi ta wajen babbar kwana, da doguwar igiya da robar cikin taya da muka hura. Kafin a tashi na auna motar a nan filin. Daidai take.

Mota biyar suka tashi. Zagayen farko Lawan yana na uku, na biyu ya wuce gaba. Gwamen ya yi aikinsa. Sauran suna shiga kwana suna watsa ƙasa, shi kuwa tasa ta kwanta ta bi layi kamar an ɗora ta a kan dogo. A miƙaƙƙen wurin ina ganin bayan yana leƙo mu, yana mayar da shi. Zagaye na uku ya taho, ya rage gudu a inda na nuna masa, ya shiga kwanar daidai. Yana tsakiyarta fitilun birki suka kama ja.

Bayan ya zagayo. Motar ta juya ta ba mu baya, ta haye tudun bakin kududdufi da ribas, ta gangara. Ba ta yi ƙara ba, ba ta watsa ruwa sosai ba. Ta shiga ne a hankali kamar saniyar da ta san mashaya. Kiɗa ya tsaya. Kafin ruwan ya kai rufi Lawan ya fito ta inda ƙofa ya kamata ta kasance, ya faɗi, ya tashi, ruwan iya ƙirjinsa. Iro ya jefa masa robar, muka jawo shi. Ko ƙwarzane bai yi ba.

Aka kawo tifa aka ɗaura sarƙa a gaban motar. Tifa ta ja, abin ya taho da sauƙi fiye da yadda ya kamata. Gaban ne kaɗai ya fito, da inji da kujeru biyu. Ya rabu a daidai layin waldar, daga ƙofa zuwa ƙofa, ba tare da ƙarfen ya yage ko ya lanƙwashe ba. Iro ya bi bakin da yatsa, ya dube ni, ya mayar da hannunsa aljihu. Alhaji ya sa majiya ƙarfi suka shiga da gorori. Bazara ce, babu inda ruwan ya wuce wuyan mutum, kuma kududdufin bai fi a zaga shi cikin minti goma ba. Kwana uku suna caccakar ƙasansa. Sun fito da tsohon keke da tukwane da ƙashin jaki. Bayan mota da gatarinsa da ƙafafunsa biyu ba su fito ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Alhaji ya ce tagar da muka yanka ce ta raunana haɗin, duk da tazarar da ke tsakaninsu ta fi kamu uku. Wasu suka ce mutumin da ya cire ƙofa tun kafin abu ya faru, ya kuma je ya tsaya da igiya a bakin ruwa, ya san abin da bai kamata makaniki ya sani ba. Maganar ta bi Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni har Hotoro. Masu mota suna zuwa ƙofar garejina su rage gudu, su leƙa, su wuce. Na koma gyaran ƙafafun kura da baro da amalanke. Ko a nan ban bar zare ba, kurar 'yan garuwa ma tana tafiyar kare in gatarinta ya karkace, mai turawa ya yi ta ciwon kafaɗa ɗaya bai san dalili ba. Direbobin haya ne suka fara dawowa, ɗaya bayan ɗaya, don buhun masara ba ya jin jita-jita. Tseren kuwa bai kai ƙarshen damuna ba aka watse, daga baya aka cike kududdufin aka yanka filaye.

Lawan ya bar gidan Alhaji a satin da abin ya faru, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye. Ban sake ganinsa ba sai bayan kaka, ya shigo mini da hantsi da ƙullin gyaɗa a hannu. Muka gaisa, na shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ya ce noma yake yi yanzu, ko keke ba ya hawa sai dole. Akwai tambayar da na daɗe ina riƙe da ita, ta aiki ce, don in ban san dalilin abu ba ba na iya ajiye shi.

Na ce, "Lawan, ka shiga kwanar nan daidai. Motar tana riƙe. Na gaya maka, ka kuma ce ka ji. Me ya sa ka taka birki?"

Ya ɓare gyaɗa ɗaya bai ci ba. Ya ce, "Baba, shekara goma sha biyar ina haya. Akwai abin da ƙafar nan take yi ba ta shawarce ni ba."

"Ban gane ba."

"Kai da hannunka ka cire kujerar baya, ko?"

"Ni na cire."

"Na sani. Ni ma na ga wurin, ƙarfe ne zalla." Ya ajiye gyaɗar a kan tabarma. "Ina tsakiyar kwanar aka ƙwanƙwasa rufi daga bayana sau biyu, yadda fasinja ke yi. Sai wata mata ta yi magana, ba da ihu ba, a hankali, kamar wadda ta gaji da zama. Ta ce, 'Direba, a nan za mu sauka.'"

Ya dube ni. "Ni kuwa, Baba, tun da na fara tuƙi ban taɓa wuce da fasinja wurin saukarsa ba."